Ƴar Moɗa, Dabinon da Muka Ɗauko daga Insala

Shekaranjiya na shiga kasuwar Arlit neman ganyen shayi, sai wata yarinya mai tallar dabino ta tare ni. Daga jin bakinta ka san ƴar Tawa ce. Ta miƙo mini ƙwaya ɗaya ta ce, "Baba tsoho, ɗanɗana ka jiya. Wagga ƴar moɗa ce, daga garaken Abzin ta hito. Ba irin ta kwali ba ce da aka kawowa daga Aljeriya." Na karɓa na sa a baki ina tsotsa, don haƙoran taunawa sun daɗe da yi mini sallama. Na tambaye ta ko ta san dalilin da ya sa ake kiran dabinon nan ƴar moɗa. Ta ce ita dai haka ta taras ana faɗi, ta juya ga wani mai saye.

Abin ya bi ni har gida. Yaran yanzu in ka ce musu Aljeriya, abin da ke faɗo musu a rai taliya ce da madarar gwangwani da man mota mai arha, sai kamiyon da ke sauke mutanen da aka koro a bakin iyaka. Ba na ganin laifinsu, abin da idonsu ya gani ke nan. Amma ni na taka ƙasar nan da ƙafata tun Nasara na riƙe da ita yana riƙe da mu, na sha ruwanta, na shiga har ƙarƙashinta, kuma ina alfahari da abin da na ɗauko a can.

A wata ƙorama gabas da Gugaram aka haife ni, inda duwatsun Abzin ke fara tashi. Lokacin babu Arlit, babu Akokan, babu wutar lantarkin da ake jawowa daga Anu Araren. Inda garin nan yake fili ne fetal, sai barewa, sai makiyayi jefi-jefi. Mu masu garka ne. Abin da ke tada mu da safe kukan tekarkart ne, wato kurar katakon da igiyar guga ke bi a bakin rijiya. Sa ya ja ya tafi, guga ya hau, ruwa ya zube a magudana, sa ya juyo da kansa ba sai an ce masa ba. Kowace garka da kukan kurarta, kana kwance kana iya faɗin wanda ya riga fita da wanda barci ya kwashe. Aikina shi ne bin ruwan nan ina buɗe masa hanya da hannu daga fangalin alkama zuwa na albasa, yatsu su daskare don sanyi, Baba yana daga bakin rijiya yana ƙwala mini kira in na tsaya kallon tsuntsaye. Yanzu famfon inji ne a garake, ka ja igiya sau ɗaya ka koma inuwa ka sa shayi. Ya fi sauƙi, ban musa ba, sai dai duk kukansu iri ɗaya ne. Hausa ma ba ita muke yi a gida ba, a bakin masu hatsin Damargu na tsince ta, shi ya sa har yau in na ce "mace ya zo" jikokina ke faɗuwa ƙasa don dariya.

Garkar ta Baba ce, amma dabinon da ke cikinta na Inna ne. Muna da wata al'ada, akwai dukiyar da ake ware wa mata, ba a sayarwa, ba a rabawa da maza, daga uwa sai ɗiya. Sunanta da harshenmu in aka juya shi ya zama nono mai rai. Wasu awaki ne nasu, wasu raƙuma, na Inna dabino ne. Ba irin na ƙoramarmu ba ne. Ɗansa dogo ne, ja-ja, in ka tsaga shi sai ka ga kamar an ɗura masa zuma. An ce kakar kakarta aka kawo wa dashensa daga Insala, can cikin ƙasar Larabawa. Inna ba mai yawan fara'a ba ce, amma ranar yankan dabino har waƙa take yi. Takan ja kunnen ƙanwata ta nuna mata itatuwan ta ce, "Ki dube su da kyau. Ko duk mazan gidan nan sun watse, waɗannan ba za su bar ki da yunwa ba."

Shekarar da aka naɗa mini rawani, alamar na zama saurayi a wurinmu, ruwa ya ci garkar. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, a can saman duwatsu aka yi shi. Da hantsi muka ji rugugi, kafin mu kwance sa daga igiya ƙorama ta cika baki da baki, tana tafe da duwatsu da itatuwa. Mun tsira da ranmu da sanmu. Da ruwa ya janye, inda dabinon Inna suke sai rami da tsakuwa.

Rijiya an sake haƙa ta, alkama an sake shuka ta. Inna ce ba ta dawo daidai ba. Maƙwabta suka yi ta kawo mata dashe, tana godiya tana mayarwa. Sai ta zauna a bakin ramin nan da rana tsaka, in ƙanwata ta kawo mata ruwa ta kasa kallon fuskarta. Abin da ya biyo hannun mata tun kaka da kakanni a hannunta ya yanke, kuma ba ta da abin da za ta miƙa wa ɗiyarta. Ni da wayona na ƙuruciya na ce mata ai akwai sauran dabinon bara a taiki, mu shuka ƙwallonsa mana. Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Kai ɗan mai garka ne kuwa? Ƙwallo sai ka yi shekaru kana ba shi ruwa ya fito maka namiji, ko ya fito wani abu can da ba ka san shi ba. Ɗiyar da ke tsirowa a gindin uwa ita ce ake cirewa a dasa, ita ke fitowa sak."

Kawuna, ƙanen Inna, ɗan ayari ne, mutum mai barkwanci wanda ba ya iya ganin ƴar'uwarsa cikin wannan hali. Da sanyi ya shigo ya ce zai bi ayarin da ke kai hatsi da tumaki Tamanraset, daga nan ya zarce Insala, kuma da ni za a je. Inna ba ta ce a je ba, ba ta ce kada a je ba. Ranar tashi dai ta ɗaura mini ƴar jakar fata a wuya da dabinon bara a ciki, ta ce, "Ka nuna musu. Masu shi za su gane shi."

Yanzu direba yakan karya kumallo a Arlit ya ce gobe yana Tam, wai ma sunan garin ya yi musu tsawo. Mu wata muka share. Bayan rijiyoyin In Gezam ƙasa ta fara hawa, har muka shiga Ahaggar, duwatsu baƙaƙe masu tsini waɗanda namu na Abzin ƙannensu ne. Sanyin can ban taɓa jin irinsa ba, da safe sai ka taras ruwan salka ya yi ƙanƙara a baki. Tamanraset kuwa ɗan gari ne mai jan gini da itatuwa jere a hanya, mutanensa masu rawani irinmu, harshe ɗaya, sai dai su suna hura wasu kalmomin ta maƙogwaro. A nan muka sayar da tumaki. Daga can muka bi ta Arak, wani lungu tsakanin duwatsu biyu da in raƙumi ya yi kuka sai kukan ya dawo maka. Da muka fita sai ƙasa ta baje, babu dutse babu ciyawa, iska kawai, har ranar da muka hangi baƙin layi a gindin sama. Kawu ya ce, "To ɗan Inna, ga gidan kakanninka na itace."

Insala gari ne da rairayi ke ci ta gefe ɗaya mutane na gina shi ta ɗaya gefen. Na ga gidan da tudun rairayi ya hau har rufinsa, masu shi sun koma gaba kaɗan sun sake gini, ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Ruwan rijiyarsu da gishiri-gishiri, kwana biyun farko cikina bai yarda da shi ba. A kasuwa ga Larabawa masu farin rawani, ga Sha'amba masu dogayen raƙuma da Nasara ya ɗauka soja, ga baƙaƙen manoma waɗanda su ne ƙashin bayan garaken. Muka yi ta yawo da jakar Inna, wannan ya ɗanɗana ya girgiza kai, wancan ya tura mu gaba, har aka kai mu wurin wani tsoho baƙi, ɗan siriri, da ƙafafu duk faso. Ya tsaga dabinon da farce, ya sansana, ya sa a baki ya rufe ido. Sai ya kama hannuna ya ja ni can ƙarshen garkarsa, ya dafa wata doguwar dabinuwa da ɗiya biyu a gindinta. Kawu ya iya Larabci, shi ya yi mana tafinta. Da tsohon ya ji daga kudu muke sai ya dube ni ya ce, "Sannu. Hura. Gida." Iyakar Hausarsa ke nan. Ya ce kakarsa ce aka kawo daga wajen Katsina cikin ayari tana ƙarama, ba da sonta ba, kuma har ta mutu da waɗannan kalmomin take yi musu wasa. Ya ce hanyar nan da muka biyo ta daɗe tana kai da kawowa, malaman Tawat, wato wannan yanki nasu, sun bi ta sun sauka Agadas da Katsina da Kano da littattafansu, mutane kuma irin kakarsa sun bi ta sun hau da igiya a wuya.

Bai yarda ya sayar ba. Ya ce ɗiyar dabino ba a ba wanda bai wahala wa ruwan uwarta ba. Haka na shiga aikin fuggara. Su ba su da sa da guga irin namu. Kakanninsu sun haƙa hanyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa tun daga nesa, da rijiyoyi jere a kanta don iska da kwashe rairayi, ruwa yana gangarowa da kansa dare da rana. Aka zura ni da igiya da ƴar fitila da kwando. Ciki duhu, ruwa har gwiwa, wuri ƙunci sai ka sunkuya, ni da na tashi a sarari na ji kamar an binne ni da rai. Amma da na ga sawun gatari a bango, na mutanen da suka mutu tun ba a haifi kakar kakata ba, sai na ji kunyar tsorona. Inda ruwan ke fitowa fili kuwa akwai wani dutse da aka sassaƙa kamar mataji, ruwa ya bi ta tsakanin haƙoransa ya rabu, kowane rabo ya kama ƴar hanyarsa zuwa garkar mai shi. Na tambayi tsohon ko ba a faɗa a kai. Ya ce kafin mataji ruwa na jama'a ne, ana iya jayayya. In ya wuce mataji ya zama na mai shi, ko dabino ya ba, ko jaki, ko ya zubar, ba mai tambayarsa.

Da la'asar in mun hau, sai ya dafa shayi ya ba mu labarin ƙasarsu. Ya ce arewa da su akwai tudun dutse shimfiɗaɗɗe, bayansa tekun rairayi, bayansa duwatsu masu farar ƙanƙara a kai, sannan gonakin zaitun da inabi, sannan bahar. Na ɗauka zolayata yake yi, yaya za a ce duk wannan ƙasa ɗaya ce? Da murya ƙasa-ƙasa kuma ya ce can arewa wuta ta kama tsakanin ƴan ƙasa da Nasara, jikansa ma ya tafi bai yi sallama ba. Daga baya da na ji sun karɓi ƙasarsu ban yi mamaki ba, na ga irin haƙurin da suke haƙa ruwa da shi.

Ranar da zai cire mana dashen, ya yi bisimilla ya sa ƙarfe ya raba ɗiyan biyu da uwarsu, ya daddatse ganyen, ya naɗe gindin da zaren jikin dabino da tsumma. Sannan ya shafa jar ƙasa a gefe ɗaya na kowace. Ya ce wannan gefen shi ke kallon gabas tun tana gindin uwarta, in mun dasa mu juya shi gabas, kada mu rikita ta. Tsumman kuma kada ya bushe ko sau ɗaya. Kuma in an dasa kada wani mai gaggawa ya ja zuciyarta don ya ga ko tana da rai. Ya dafa kaina ya ce, "Gida."

Wutar nan ta arewa ita ta cuce mu. A Tamanraset Nasara ya tsare ayarin, wai sai an binciki kaya an sake takardun wucewa, muka yi ta zama har sanyi ya wuce. Da muka bar In Gezam zafi ya riga ya sauka. Rijiyar da muka sa rai da ita a tsakiyar hanya muka taras rairayi ya cike ta. Muka yi haƙa har hannu ya fashe, ko danshi. Komawa baya da ci gaba duk tafiya ɗaya ce. Madugu, wani dattijo mai kaushin hali wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya sa aka tara salkuna duka a gabansa. Ya ce daga yau da moɗa za a raba, safe da la'asar, kowa ɗaya. Sannan ya nuna raƙuminmu da sandarsa ya ce, "Itacen nan kuma ya sha na ƙarshe. Ruwa na mutane ne."

A al'adarmu sabon mai rawani ba ya mayar wa madugu magana. Na ja rawanina har ƙarƙashin ido, na durƙusa na ce, "Baba, ina da tambaya. In an zuba mini moɗata, ta wa ce?"

Ya ce, "Taka ce."

Na ce, "A Insala na ga in ruwa ya wuce mataji ba a tambayar mai shi abin da ya ba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ba zan tambaye ka ba. Amma ka ji da kyau, in ka faɗi ba zan tsai da ayari ba, kuma ba mai ƙara maka ko ɗigo." Kawu ya yi dariya da busasshen leɓe ya ce, "To ni ma tawa ta wuce mataji. Da in koma wa yayata hannu wofi gara ƙishi ya kashe ni, shi ya fi ta sauƙi."

Haka muka yi. In an zuba, in kurɓi rabi in riƙe a baki, in tsiyaya rabi a tsumma a hankali. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai lokacin da na tsani itacen nan kamar in jefar. Harshe ya kumbura, ido ya riƙa ganin tafki inda babu. Ana cikin haka ɗaya daga ɗiyan dabinon ta fara wari, da Kawu ya taɓa ganyen tsakiya sai ya zare a hannunsa. Muka tona rairayi muka rufe ta, Kawu bai yi barkwanci ba ranar. Muka haɗa ruwan duka a kan wadda ta rage. La'asar ta ƙarshe a filin nan na Arlit ta same mu, daidai inda tulin ƙasar ma'adinai yake yanzu, duwatsunmu sun fito shuɗi-shuɗi a gabas amma ƙafata ta ƙi ɗaukata. Na zauna a gindin raƙumi na kasa ko ɗaga moɗa. Sai ga madugu ya zo wucewa da tasa a hannu, ya karkata ta a kan tsumman har ta ƙare, bai dube ni ba. Ya ce, "Hannuna ne ya yi rawa. Tashi mu tafi."

Da muka isa gida, Inna da kanta ta haƙa ramin, ta juya jar ƙasar nan gabas. Abin da muka kawo ba shi da kyan gani, wani busasshen dunƙule kamar tsohuwar tsintsiya. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo suna yi mana sannu irin ta ta'aziyya. Bazara ta wuce, damina ta wuce, shiru. Sau da yawa hannuna ya yi ƙaiƙayin jan zuciyarta in huta, in tuna tsohon Insala in mayar da shi aljihu. Wata safiya ina bin ruwa a fangali sai na ji ihun ƙanwata. Wani ɗan kore ne ya leƙo daga tsakiya, bai fi tsinken sakace ba.

Sai da na yi aure har na haihu kafin ta yi ƴaƴan fari. Ranar yanka duk gida aka taru, har Kawu da ya fara furfura. Aka miƙa wa Inna ƙwayar farko. Ta tauna, ta daɗe tana taunawa, sannan ta ce, "Ba ita ba ce." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko tsohon ne ya yi kuskure, ko ƙasarmu ce ta juya ta, ko bakin Inna ne ya tsufa, har yau ban sani ba. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki ta biyu. Ta kira ƙanwata, ta kama hannunta ta ɗora a jikin itacen ta ce, "Waccan da ruwa ya ci an ce mini daga Insala aka kawo ta, ban san wanda ya kawo ba, ban san abin da ya sha a hanya ba. Wannan na sani. Riƙe, taki ce, ke da ɗiyanki mata. In sun tambaye ki sunanta ki ce ƴar moɗa." Ranar nan Inna ta yi waƙa, ni kuma na ja rawani na rufe fuska don kada a ga abin da idona ke yi.

Inna ta tafi, Kawu ya tafi, ƙanwata ma bara waccan na raka ta. Ni na bar garka na yi tuƙin kamiyo a garin nan har ido ya gaza. Amma uwar tana nan tsaye a ƙoramarmu, ta yi tsawon da sai yaro mai ƙarfin hali ke hawanta, kuma ɗiyanta sun bazu a garake har inda ban taɓa zuwa ba, duk ta hannun mata.

Jiya na koma kasuwa na nemi yarinyar nan na sayi tiya guda. Tana aunawa tana ce mini, "Ai na hwaɗa maka, Baba, ta gida ce." Na ce mata haka ne, ɗiyata, ta gida ce. Ni na kawo ta gida.